Shekarar da Aka Feshe Filin Malam-buɗe-littafi

Tun kafin ruwan farko ya sauka a waccan shekarar nake kwana nake tashi da abu guda a rai: yadda zan yaye yarinyata a tsakiyar damina. Ban shirya yaye ba. Ciki ne ya shiga tana kan nono, abin da mata ke kira kwanika suna rufe baki da gefen mayafi, sai ka ce ni kaɗai na yi aikin. Yayen rani da sauƙi, akwai hatsi a rumbu. Yayen damina kuwa, lokacin da rumbu ke amsa maka in ka leƙa ka yi magana, na ga yadda yake mayar da yara. Na sha ganin layin masu tamowa a asibiti, kowace uwa riƙe da ɗa mai babban kai da siraran ƙafafu. Kullum in ina yi mata wanka sai in zagaye damtsenta da yatsuna biyu, in ga ko sun fi jiya kusa da haɗuwa.

A ɓoye nake wannan awon, domin 'yar fari ce. A gidan da nake aure, wani ƙauye kusa da Ruwan Godiya, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta ma nuna ta san yana duniya. In yarinyar ta faɗi ta fasa baki ina tsakar gida, sai in ci gaba da tankaɗe har wani ya ɗauke ta. Wannan shi ake kira kunya, kuma an ce ina da ita sosai. Uwar mijina, wadda duk gidan ke kira Inna, ta yanke magana tun ranar da ta gane cikin: in an cire yarinya daga nono ta riƙe jikinta, ta zauna, in ta fara zubewa, a kai ta wurin mahaifiyata can wajen Damari. Damari ba nisa ne da ita sosai ba. Amma hanya ce da direba ke tambayar labarinta kafin ya tayar da mota, kuma yaron da aka kai goyon kaka ba a sa masa ranar dawowa.

Yarinyar kuma ta zo da tata tsirfar. Tuwo da miyar kuka ta tofar. Koko ta kurɓa ta kau da kai. Abu guda take buɗe wa baki, faten tsaki mai ɗanyen ganye da ɗan garin ƙuli-ƙuli. Ganyen shi ne wahalar. Ina yarinya, in ruwa ya zauna, tafasa da lalo da gasaya ba a nemansu, su ke tare maka hanya, a gefen kowace gona, a bakin rijiya, har bayan katanga. Yanzu fartanya ta huta, famfon feshi ke noma. Ana fesa gona, a fesa gefenta, a fesa hanyar da za ta kai ka gonar. Daji mai nisa inda magani bai kai ba, mata sun daina shigarsa, ba sai na faɗi dalili ba.

Maigidana yana cikin masu feshin, kuma ba ƙaraminsu ba ne. Har daga ƙauyukan maƙwabta ake zuwa ɗaukarsa. Famfon nan nasa shuɗi yana goya shi tun safe har azahar, 'yarsa kuwa bai taɓa ɗaukarta ba, shi ma yana da kunya. In ya dawo sai ya wanke famfon, ya goge shi, ya jingine shi a ɗaki inda rana ba za ta taɓa shi ba, sannan ya zauna ya buɗe kwano ya ce yau ma miyar ba ganye.

Ana cikin haka wata farar mota ta tsaya a ƙofar maigari. Bayan 'yan kwanaki aka yi shela mata su taru a firamare. Muka tafi muna zaton gidan sauro ne ko allurar yara. Aka zaunar da mu a bencin ɗalibai, gwiwoyinmu kusa da haɓa. Wata budurwa 'yar Katsina ta tsaya a gaba, hijabi har ƙasa da takalmin roba irin na masu aikin fadama. Malama muka riƙa ce mata. Ta warware wani ƙaton hoto ta manna a allo, sai ga malam-buɗe-littafi, girman faifai.

Ta ce, "Iyayena, wa ya san wannan?"

Akwai wata tsohuwa mai sayar da daddawa, wadda ta daina tsoron kowa tun da haƙoranta suka ƙare. Ta ce, "Mun san shi, ɗiyata. Mi ya same shi? Shi ma an sace shi?"

Malama ta yi dariya tare da mu, ta ce kusan haka ne, ɓacewa yake yi. Ta ce shi da ƙudan zuma da wasu ƙwari su ke ɗaukar garin fure daga wannan fure zuwa wancan, in ba su, kabewa da kuɓewa sai su yi fure ya zube ba ɗa. Ta tambaye mu yaushe rabon da mu ga sun taru tuli a kan lakar bakin rijiya. Gaskiya ta faɗa, kuma ba wadda ta lura sai da ta faɗa. Daga nan ta nuna mana yadda yake farawa da ƙwai a bayan ganye, ya zama tsutsa, ya naɗe kansa, sannan ya fito da fukafukai.

Mai daddawa ta ce, "Wato tsutsar da nike tsincewa a ganye ina jefa ma kaji, shi ne tun shina yaro?"

"Shi ne, Iya."

"To Allah ya yafe ma kajina."

Abin da ya kawo su shi ne a bar wani wuri ciyawa ta dawo yadda take a da. Maigari ya ba da filin bayan makaranta. Za a kewaye shi da shinge, ba kiwo, ba ƙuna, ba feshi. Maza ma an tara su daban. Maigidana ya dawo yana girgiza kai, ya ce yau ya ga ikon Allah, an taso daga birni a mota a koya wa manomi yadda ake barin ciyawa. Ya ce kakansa ya mutu yana yaƙi da ita, ashe da ya jira da an ba shi hular kwano da riga mai rubutu.

Ni kunnena wuri ɗaya ya maƙale. A cikin bayaninta malama ta ce malam-buɗe-littafi ƙananan nan masu ruwan ɗorawa, a kan tafasa suke yin ƙwai. Da aka tashi na bi ta har gindin mota, na gaishe ta na sake gaishe ta, sannan na tambaya ko in tafasar ta fito za a bari mu tsinka. Ta dube ni, ta dubi goyona, ta yi ɗan tunani. Ta ce gefen gabas namu, gefen yamma nasu. A tsinki kai kawai, kada a tuge, ganyen da aka ga ƙwai ko tsutsa a kai a bar shi. Ban taɓa raba gona da ƙwaro ba, amma na amince, kuma har yau ban ga abokin tarayyar da ya fi shi cika alkawari ba.

Ruwa ya zauna, fili ya amsa. Malama ta zo da iri a ƙananan buhuna ta sa 'yan makaranta suka watsa, amma yawancin abin da ya fito da kansa ya fito, kamar yana laɓe a ƙasa yana jiran a daina zuba masa magani. Gamba ta tashi, kyasuwa da harkiya suka biyo. Tafasa ta kai gwiwa, lalo ya shimfiɗu a ƙarƙashinta. Aka karɓo rubutun yaye, aka shafa mani maɗaci, yarinya ta yi kukanta na kwanaki ta gaji ta koma wa fate. Da hantsi, in ɗalibai sun shiga aji, sai mu shiga da ƙorai, mu mata da ba mu da zogale a gida. Ina tafe ina bugun ciyawa da kara saboda macizai, domin tsoro ɗaya bai taɓa isata ba. Malam-buɗe-littafi suna tashi a gabanmu, ruwan ɗorawa da farare da wani ja mai ɗigo-ɗigo. Ƙudan zuma suna ta aikinsu ba ruwansu da mu. Yatsuna suka daina kusantar juna a damtsen yarinya. Wata rana Inna ta ɗaga ta, ta dire ta, ta ce wa bango, "Yarinyar ga dai ta ƙi ramewa." Da muryar ƙorafi ta faɗa, amma na ji daɗin da ya kai ni har magariba.

A tsakiyar marka labari ya zo cewa manyan baƙi za su zo ganin fili, waɗanda suka ɗauki nauyin aikin, daga Katsina wasu ma daga Abuja. Malama ta koma birni don ta taho tare da su. Maza suka zauna a ƙofar maigari.

Kada wani ya ce jahilci ne. Kowa a zaman nan ya san ciyawar ce ake so, an faɗa masu da Hausa, sun kuma sha lemo a kai. Abin da ya dame su shi ne inda za a ajiye baƙi. Mutum ya taso daga Abuja da babbar riga, ka zaunar da shi a cikin gamba? In maciji ya sari baƙo, da wane suna za a riƙa kiran garin nan? Ga mutanen ƙauyen ƙetaren rafi za su zo kallo, su koma su ce mun karɓi manya a kango. A wurinmu in baƙo zai zo, ko kaza ba ka da ita, tsintsiya dai kana da ita. Aka tsayar da shawara a share hanyar shiga da wurin kafa rumfa kawai. Aka ba maigidana aikin tare da wasu mutum biyu, don girmamawa.

Da safe yana haɗa magani a tsakar gida. Inna na kan tabarma tana jan carbi, Baba mahaifinsa na bakin zaure yana jin rediyo. Na durƙusa daga ɗan nesa.

Na ce, "Malam, wane gefen za a fesa?"

"Gefen hanya mana. Gabas. Ta sama baƙin za su sauko?"

"Can muke tsinkar ganye."

Ya ɗago ya dube ni. "Ana maganar mutuncin gari kina maganar ganye. Kuka ta ƙare a gidan ga?"

Maganar tana kan harshena, 'yarka ba ta cin kuka. Carbin Inna ya tsaya. Baba ya rage muryar rediyo.

Inna ta ce, "Akwai wanda ba shi cin kuka a gidan nan? Faɗi mu ji. Wa kike tsaya ma?"

Na ce, "Ba kowa, Inna."

"Na zaci ko."

Carbi ya ci gaba, rediyo ya dawo, maigida ya goya famfonsa ya fita.

Na bi bayansu da ƙwaryata don in tsinki abin da zan iya, amma kafin in gama wanke-wanke in fito har sun shiga. Na tsaya jikin katangar makaranta ina kallo. Hanyar shiga ba ta ɗauke su lokaci ba, wurin rumfa ma haka. Sai magani ya rage a famfo. Duk wanda ya zauna da mai feshi ya san ragowar magani ba a zubar da ita, ba a kuma kwana da ita, wai tana sanyi. Aka ɗan faɗaɗa hanya. Ɗaya ya ja da baya ya duba ya ce gefensa ya fi na ɗan'uwansa shiga, aka daidaita. Mai unguwa na tsaye da sanda yana nuni, ga can ma, ya yi tsiri-tsiri kamar kan da aka fasa yi wa aski. Wanda nasa ya ƙare ya sake haɗawa kaɗan don a kammala kusurwa, shi ma ya rage. Kafin azahar gabas ta tafi, yamma ta bi ta. Abin da ya tsira ɗan tsibi ne a bayan allon da aka rubuta kada a yi feshi.

Ranar baƙi fili ya yi ja kamar an bi shi da wuta. Aka kira mata shara, ni ma na share, kuma na iya shara. Aka kafa rumfa, aka jera kujerun roba, aka ɗaura lasifika. 'Yan makaranta suka yi layi da fukafukan kwali a bayansu. Motoci suka iso. Malama ce ta fara fitowa, tana murmushi tana nuna wa baƙi hanya da hannu, sai hannun ya tsaya a sama. Ta je ta durƙusa gaban maigari ta yi magana a hankali, shi kuma ya amsa da ƙarfi don baƙi su ji, "Ɗan gyara ne muka yi, ɗiyata. Ba yawa."

Taro bai fasa ba, tunda an riga an dafa shinkafa. Yara suka yi waƙar da aka koya masu suna kaɗa kwali. Babban baƙo ya miƙe ya karanta jawabinsa, yana yaba wa jama'ar gari da suka raya ciyawa, takalminsa a kan ƙasa fes ko tsinke babu. Mai daddawa na kusa da ni. Ta ce, "Wanga bawan Allah shi ne makaho, ko takardar tasa?"

Sai mai ɗaukar hoto ya ce shi fa ba zai koma ba malam-buɗe-littafi ko ɗaya a hotonsa. Aka yi cirko-cirko. Wani dattijo ya ce ai akwai su da yawa a maƙabarta. Aka ɗunguma can. Baƙi suka jera a bakin katangarta suka ba ta baya, ciyawa ta leƙo har kafaɗunsu, tafasa ta yi fure, ƙwarin suna ta shawagi a kan huluna. Hoton ya yi kyau, an ce. Mutanen cikin katangar nan su kaɗai ne a garinmu ba su tashi gyara wa baƙi wuri ba. Ni ina daga nesa cikin mata ina kallon tafasar nan mai laushi. Mace ba ta shiga wurin, kuma ba wanda zai ɗora tukunya da abin da ya tsiro a cikinsa.

Kafin su tafi malama ta neme ni cikin taro, idanunta sun yi ja. Ta ce, "Yaya, yanzu ina za ki samo ganyen yarinyar?" Ita ce mutum ta farko da ta haɗa ganyen da yarinyar a magana ɗaya. Na ce Allah na nan. Ta ce za ta nemi a sake gyara shingen, amma ko wani abu ya tsiro a inda aka fesa, kada in ba yarinya a wannan daminar. Gaskiyarta ce, kuma da ita ta rufe mani ƙofar da ta rage.

Ba mu zauna mun naɗe hannu ba. Inna da kanta, wadda ta tambaye ni wa nake tsaya wa, ta yafa mayafi ta bi gidaje tana roƙon zogale. Masu zogale suna da nasu bakunan, a ba ka yau, gobe a ce akuya ta cinye. Ramar kasuwa mako-mako take zuwa, kafin ta kwana biyu ta yi laushi. Muka gwada ganyen kabewa, muka gwada na wake. Yarinyar ta ci kaɗan ta rufe baki. Zawo ya shigo. Wata safiya Inna na yi mata wanka jigidar ƙugunta ta zame har gwiwa. Inna ta mayar da ita, ta sake zamewa. Ba ta dube ni ba ta ce, "Ranar kasuwa a kai ta."

Da maigida ya ji, ya ajiye loma ya ce, "Mi ya sa ba wanda ya gaya mani ganyen can take ci?"

Inna ta ce, "Ci tuwonka."

Ranar kasuwa Inna ta goya ta zuwa tasha. Ni ina daka. Yarinyar ta juyo daga bakin zaure tana miƙo hannu tana kirana da irin kiran da ta iya, ban ɗago ba, taɓarya ba ta tsaya ba. Matan gida sun yaba mani ƙwarai. Har maƙwabta aka ba labari, wai a wannan zamani da wuya a sami yarinya mai kunya irin tawa.

Tana can har yanzu. Na haifi namiji, shi an yarda in so shi a gaban kowa. Labarinta ta waya nake ji, in akwai sabis. Ta murmure, tana gudu, tana kiran mahaifiyata da sunan da ya kamata ta kira ni. Can akwai wani tsoho mai taurin kai da ya ƙi famfo, a gefen gonarsa suke tsinka.

An sake kewaye filin bayan makaranta. Bana ciyawa ta dawo, tafasa ta fi ta bara, maigidana kuma in ya zo wucewa ta wurin da famfo sai ya tsallaka ɗaya gefen hanya. Inna ta ce in ganye ya tsaya har ƙarshen damina, za a je a ɗauko yarinyar. Sai ga shi makon jiya an ce baƙi za su sake zuwa, sun ji an samu ci gaba, kuma mai unguwa ya fara zagaya shingen da sandarsa.

Roƙona ga mai karanta wannan ɗaya ne. In kana cikin masu zuwan, ko ka san wani a cikinsu, don Allah ku zo ba sanarwa, ku tsaya a bakin shinge ku duba ku koma. In kuwa ba ku iya tafiya sai an shirya maku wurin zama, ku bari sai kaka, bayan an dawo mani da ita.